Tambaya da Amsa: Wane Efoksi Ya Dace da Gyaran Jikin Jirgin Faibagilas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da ƙaramin jirgin ruwa na faibagilas mai tsawon mita 5, wanda na saya a hannun wani mutum shekara biyu da suka wuce. Kwanakin baya, a wajen tsayawa bakin gaɓa, iska ta tura shi ya bugi dutse, sai farar fatar da ke jikinsa ta ɓantare a wuri uku. Biyu daga ciki suna sama da inda ruwa ke kaiwa, kuma ba su wuce faɗin farce ba. Na ukun yana can ƙasa inda kullum yake cikin ruwa, ya fi su zurfi, har ina ganin zaren da ke ciki ya yi fari fat. Na tarar da efoksi, wato gam mai haɗi biyu, iri-iri: akwai wanda aka rubuta yana kamawa cikin minti 5, akwai mai kama da foti wanda ake murzawa da hannu, akwai kuma na ruwa mai zuwa a gwangwani biyu. Wanne ya kamata in saya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ko da yake dutse ɗaya ne ya yi maka wannan ɓarna, ciwo iri biyu ya bari a jikin jirginka, kuma kowanne da maganinsa. Domin ka gane dalili, sai ka fara sanin yadda aka gina abin da kake son gyarawa. Yawancin ƙananan jiragen faibagilas ana zuba su ne a cikin wani mazubi mai siffar jirgin. Da farko a fesa jelkot, wato rezin ɗin poliyesta (ruwan roba mai danƙo da ke daskarewa ya yi tauri) da aka sa wa launi, wanda kaurinsa bai wuce kamar rabin milimita ba, sannan a riƙa shimfiɗa zaren gilashi a bayansa ana jiƙa shi da rezin ɗin poliyesta, hawa bisa hawa, har a sami kaurin da ake buƙata. Jelkot shi ne farar fatar da ka ambata, kuma aikinsa shi ne ado da kare abin da ke ƙarƙashinsa daga ruwa da rana. Ƙarfin jirgin kuwa yana cikin zaren da rezin ɗin da ya riƙe shi.

Wurare biyun da ke sama, in dai fatar ce kawai ta ɓantare kuma zaren da ke ƙarƙashi bai sauya kama ba, ba na ba ka shawarar ka sa musu efoksi ko kaɗan. Abin da ya dace da su shi ne jelkot mai kauri wanda ake sayarwa domin irin wannan gyara, saboda shi ne ainihin abin da ya fita daga wurin, yana karɓar launi, kuma yana jure rana. Efoksi ba ya jure rana; idan aka bar shi a fili sai ya koma rawaya, daga baya samansa ya fara gari, don haka dole sai an rufe shi da fenti, ka ga ke nan ɗan tabon da bai wuce farce ba ya jawo maka aikin fenti. Ka goge wurin da asiton, wato ruwan sinadarin da ke cire maiƙo, ka ɗan gurza bakin ramin domin kaifinsa ya kwanta, ka gauraya jelkot da sinadarinsa na kamawa, wanda yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, ka cika ramin har ya ɗan yi tudu tunda yana tsukewa idan ya kama. Sai ka rufe samansa da leda mai santsi, domin jelkot da ba a sa wa kaki ba yana zama da danƙo matuƙar iska tana taɓa shi. Bayan ya yi tauri ka bi shi da samfefa ta ruwa, daga mai lamba 400 har zuwa 1200, sannan ka goge shi ya yi sheƙi. Wahalar wannan aiki ɗaya ce, ita ce daidaita launi, domin farin jirgin da ya sha rana shekaru ya daina zama farin da ke cikin gwangwani.

Wuri na ukun shi ne wanda ya sa na zauna na karanta wasiƙarka sau biyu. Zaren gilashi da rezin ya ratsa sosai ba ya yin fari, kusan ana iya gani ta cikinsa. Idan ka gan shi fari fat, alama ce ta cewa bugun ya farfasa rezin ɗin ya raba shi da zaren, kuma sau da yawa wannan rauni yana bazuwa a ƙarƙashin fata fiye da abin da ido ke gani. Ka fitar da jirgin daga ruwa, ka ɗauki ƙotar sukundireba ka riƙa ƙwanƙwasa kewayen wurin a hankali. Inda yake lafiya za ka ji sauti mai kaifi, inda hawa-hawan suka rabu kuwa za ka ji sautin ya dushe kamar kana bugun abin da ba kome a cikinsa. Ka zagaye iyakar wurin da fensir. Idan kana iya kaiwa ga cikin jirgin daidai wannan wuri, ka leƙa ka ga ko tsagar ta ratsa. Wasu jiragen kuma ana saka musu katakon balsa ko kumfa mai tauri tsakanin hawa biyu na faibagilas. In naka irin wannan ne kuma ruwa ya shiga tsakiyar, sai an cire abin da ya jiƙe ko ya ruɓe kafin a yi maganar cikawa.

A nan ne efoksi ya fi poliyesta, kuma dalilai uku ne. Poliyesta yana haɗuwa da ɗan'uwansa sosai lokacin da ake gina jirgi, yayin da hawan farko bai gama kamawa ba, amma idan ya tarar da tsohon jiki da ya daɗe da daskarewa, riƙonsa ba ya kai na efoksi, wanda asalinsa gam ne mai ƙarfi. Na biyu, poliyesta yana tsukewa sosai idan yana kamawa, wannan tsukewar kuma tana jan bakin facin, alhali tsukewar efoksi kaɗan ce. Na uku, danshi ya fi wahalar ratsa efoksi, wanda shi ne babban abin dubawa ga wurin da zai zauna a cikin ruwa dare da rana. Matsalar rana kuwa ba ta taso ba a can ƙasa, tunda fenti zai rufe shi.

Yanzu sai ukun da ka lissafa. Mai kamawa cikin minti 5 ka ajiye shi domin ƙananan gyare-gyaren cikin gida. Sinadarin da ke sa shi saurin kamawa yana rage masa ƙarfi da juriyar ruwa, kuma minti 5 ba za su ishe ka ka jiƙa ƙyallen gilashi yadda ya kamata ba. Mai kama da foti yana da ranarsa: yana da kyau a ajiye shi a cikin jirgi domin toshe yoyo na gaggawa har a iso gaɓa, wasu irinsa ma suna kamawa a jiƙaƙƙen wuri, kuma yana iya cike ɗan rami marar zurfi a wurin da jikin bai raunana ba. Sai dai cika rami kawai yake yi, ba ya mayar da zaren da ya karye, kuma jikin jirgi yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da ya hau igiyar ruwa, don haka dunƙulen foti mai tauri a kan raunin da ba a ɗinke ba yakan tsage ta gefe. Bari in ƙara da na huɗu wanda ba ka ambata ba, domin na san wani zai ba ka shawararsa, wato bodifilar gyaran mota. Poliyesta ce da aka cika da hoda, tana shan danshi, kuma ba ta da wurin zama a ƙasan layin ruwa.

Abin da za ka saya shi ne na ukun, efoksi na ruwa wanda aka yi domin aikin jiragen ruwa, mai rezin daban da ruwan daskararwa daban, wato sinadarin da ke sa rezin ya kama. Fa'idarsa ita ce gwangwani biyun nan suna yi maka aiki uku: ka shafa shi tsagwaronsa ya ratsa tsohon jiki, ka jiƙa ƙyallen gilashi da shi, sannan ka zuba masa gari ya yi kauri ka daidaita saman wurin. Game da sunan kamfani ba na tsananta wa kowa, matuƙar akwai takardar bayani da ta faɗi ma'aunin haɗawa da lokacin aiki da zafin da ya dace. Zan kawo misali da West System ne kawai saboda lambobinsa sun shahara a wannan fanni, kuma 'yan'uwan Gougeon da suka ƙirƙiro shi sun fara sana'arsu a Bay City ta jihar Michigan a Amurka a 1969. Rezin ɗinsu mai lamba 105 ana haɗa shi da ruwan daskararwa mai lamba 205, mai sauri, ko 206, mai jinkiri, a kan kashi 5 na rezin da kashi 1 na ruwan daskararwa. A zafin digiri 22 na ma'aunin Salshiyas, haɗin 205 yana ba ka kamar minti 9 zuwa 12 a cikin kofi kafin ya fara kauri, na 206 kuwa minti 20 zuwa 25. Akwai kuma 209, wanda aka yi domin yanayi mai zafi sosai, ana haɗa shi kashi 3 da kashi 1, yana kai minti 40 zuwa 50 a zafin digiri 22 ɗin. Abin lura shi ne duk ƙarin zafi na kamar digiri 10 yana rage wannan lokaci da kusan rabi, saboda haka zaɓen ruwan daskararwa ya danganta ne da zafin wurin da za ka yi aikin. Ga wanda bai saba ba, mai jinkiri ya fi aminci, sai fa in ana tsananin sanyi, domin 206 ba ya kamawa da kyau a ƙasa da digiri 16.

Garin da ake ƙara wa efoksi shi ma iri biyu ne a taƙaice. Akwai mai ƙarfi, kamar garin silika da niƙaƙƙen zaren gilashi, wanda ke hana haɗin zubowa a jikin da yake tsaye ko a kife, amma yana da wuyar gurzawa idan ya kama. Akwai kuma marar nauyi, wanda ƙananan ƙwallaye ne masu iska a ciki, mai sauƙin gurzawa, wanda ake amfani da shi wajen daidaita fuskar aiki a ƙarshe. Cike rami aikin mai ƙarfin ne, daidaita sama aikin marar nauyin ne, kuma idan ka yi amfani da marar nauyi a ƙasan ruwa dole ka rufe shi da tsagwaron efoksi sau biyu ko uku. Ka riƙa gauraya rezin da ruwan daskararwa sosai tukuna kafin ka zuba gari, ka ci gaba da ƙarawa har haɗin ya tsaya a kan sandar juyawa bai ɗiga ba.

Shirin wurin shi ne rabin aikin da mutane suka fi yi wa ha'inci. Ka wanke wurin da ruwa mai daɗi idan jirgin yana shiga ruwan gishiri, ka bar shi ya bushe ƙarau, ko da zai ɗauki kwanaki. Ka goge shi da asiton kafin ka sa samfefa, domin idan ka fara da gurza sai ka tura kaki da maiƙon da ke sama cikin ramukan da ka buɗe. Ka cire fentin ƙasan jirgi daga kewayen, sannan ka gurje duk zaren da ya yi fari har ka iske lafiyayyen jiki. Daga nan ka kwantar da bakin ramin ya zama gangara mai faɗi, bisa ƙa'idar da masu wannan sana'a suka saba da ita ta 12 bisa 1, ma'ana faɗin gangarar ya ninka zurfin raunin sau 12. Idan ka gurje milimita 3, gangarar za ta kai milimita 36 ta kowane gefe; idan kuwa raunin ya ratsa jiki mai kaurin milimita 6, za ta kai milimita 72. Mutum yakan ji ba daɗi idan ya ga ɗan rami ya koma faɗin tafin hannu, amma wannan faɗin shi ne abin da facin zai kama. Ka gama da samfefa mai lamba 80, ka share ƙurar.

Sai ka yanka saƙaƙƙen ƙyallen gilashi gida-gida, kowanne ya ɗan fi na bayansa ƙanƙanta. Ka guji irin tabarmar nan ta yankakken zare da ake amfani da ita a aikin poliyesta, domin abin da ya riƙe zarenta yana narkewa ne a cikin sitairin, wani sinadari da ke cikin poliyesta, efoksi kuwa ba shi da sitairin, sai tabarmar ta ƙi kwanciya yadda ake so, in ba wadda aka rubuta ta dace da efoksi ba. Masu gyara suna da saɓani a kan wanda za a fara sawa, babban ƙyalle ko ƙarami. Ni na fi karkata ga fara sa babban, domin shi ne zai manne wa dukkan gangarar, kuma idan aka zo gurza saman ba shi za a yanke ba. Ka shafa tsagwaron efoksi a wurin, ka ɗora ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya kana jiƙa kowanne har farinsa ya ɓace, kana kore iskar da ta maƙale. Idan ya kama sai daidaitawa, sai rufewa da tsagwaron efoksi, sai fenti. Kada ka yi gaggawar mayar da jirgin ruwa don ka taɓa ka ji tauri washegari, domin cikakkiyar kamawa tana ɗaukar kwanaki, kuma mako guda na haƙuri bai yi yawa ba. Ka sa safar hannu ta robar naitrayil (nitrile), saboda yawan taɓa efoksi yana iya sa fata ta fara ƙinsa har abada, kuma ka sa takunkumi duk lokacin da kake gurza.

Tambaya: Malam, na yi faci da efoksi kwana huɗu ke nan amma har yanzu yana danƙo, farce yana shiga cikinsa. Na ma ƙara ruwan daskararwa fiye da yadda aka rubuta domin ya yi saurin kamawa. Wani kofin kuma da na haɗa da yawa ya yi zafi har da hayaƙi kafin in gama. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, ƙarin da ka yi shi ne kuskuren, garin neman gira aka rasa ido. Wannan al'ada ce da ake ɗaukowa daga aikin poliyesta, inda sinadarin yake tayar da kamawar kawai, don haka ɗan ƙarinsa yana ƙara sauri. Efoksi ba haka yake ba. Rezin da ruwan daskararwa suna haɗuwa ne ƙwaya da ƙwaya, kowace tana neman abokiyarta, kuma duk wadda ta yi rara za ta zauna a cikin facin ba tare da ta kama ba, ta bar shi da laushi. Idan kana son sauri sai ka sauya irin ruwan daskararwar ko ka ɗumama wurin aikin. Ka kuma duba takardar ka ga ko ma'aunin na nauyi ne ko na yawa, domin sau da yawa sun bambanta, sannan ka auna da sirinji ko ƙaramin sikeli, ka juya na aƙalla minti ɗaya kana kankare gefen kofin da gindinsa.

Facin da ya yi kwana huɗu a yanayi mai ɗumi bai kama ba, ba zai kama ba, kuma shafa sabo a kansa ɓata kaya ne. Ka kankare shi duka, ka goge ragowar da asiton, ka gurza, ka sake daga farko. Amma ka bambanta wannan da wani abu mai kama da shi: idan facin ya yi tauri sosai a ciki, samansa ne kawai yake da santsi kamar an shafa kaki, wannan wani datti ne da ruwan daskararwa ke fitarwa idan ya haɗu da danshin iska. Da ruwa da soson goge-goge ake wanke shi, asiton ba ya fitar da shi da kyau, kuma dole a wanke shi kafin a gurza ko a ɗora wani abu.

Hayaƙin kuwa, efoksi yana fitar da zafi yayin da yake kamawa, zafin kuma yana ƙara masa sauri, saurin ya ƙara zafi. A cikin kofi mai zurfi zafin ba shi da mafita, har yakan narka kofin roba. Ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, ka juye a faranti mai faɗi da zarar ka gama juyawa, kuma idan wani ya fara hayaƙi ka fitar da shi waje kada ka shaƙa.

Tambaya: Malam, mun gyara gefen jirginmu da efoksi a sama da layin ruwa, yanzu wurin ya yi rawaya. Za a iya shafa jelkot a kai domin ya daidaita da sauran jikin? An ce mini jelkot ba ya kama efoksi. Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, maganar da aka faɗa miki tana da tushe, amma an tsananta ta. Abin da ke hana jelkot kamawa shi ne ragowar sinadarin amin da ke cikin ruwan daskararwa, ko dai saboda efoksin bai gama kamawa ba, ko an kuskure ma'auni, ko ba a wanke dattin da na ambata a amsar da ta gabata ba. Naku da ya daɗe har rana ta sauya masa launi ya riga ya gama kamawa, in dai an haɗa shi daidai. Ku wanke shi da ruwa, ku gurje rawayan saman da samfefa mai lamba 80 har wurin ya ɗan yi ƙasa da kewayensa domin jelkot ya sami wurin zama, sannan ku gwada a ɗan gefe ku ga ko ya kama kafin ku rufe duka. Idan facin yana da faɗi, ni da fenti zan bi shi, irin na poliyuretan mai haɗi biyu a kan shafen farko da ya dace da efoksi, domin ya fi sauƙin samun fuska mai kyau ga wanda ba shi da injin feshi.

Tambaya: Malam, na fitar da jirgina na tarar da ƙasansa ya yi ƙuraje kamar bororo, alhali bai bugi kome ba. Efoksi zai magance su? Daga wani mai karatu.

Amsa: Zai taimaka, ɗan'uwa, amma sai a ƙarshen aiki. Waɗannan ƙuraje suna fitowa ne idan danshi ya ratsa jelkot a hankali, ya narkar da wasu sinadaran da ke cikin poliyesta, ruwan da ya taru kuma ya riƙa jawo ƙarin ruwa har fatar ta kumbura. Ka sa tabarau kafin ka fasa su, domin ruwan cikinsu yana da asid kuma yakan yi tsartuwa. Ka gurje kowanne har zuwa lafiyayyen jiki, ka riƙa wanke ramukan da ruwa mai daɗi lokaci zuwa lokaci, ka bar jikin ya bushe na makonni, wani lokaci har watanni idan abin ya yi yawa. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce ka manna leda a kan wurin ka rufe gefenta da salatif ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan ka ga raɓa a cikinta, da sauran jira. Bayan ya bushe sai ka shafa tsagwaron efoksi a ramukan, ka cika su da wanda aka kaurara da silika, ka daidaita, sannan ka bi dukkan ƙasan jirgin da shafen efoksi mai tare danshi, adadin hawan da kamfanin ya rubuta a jikin gwangwanin, kafin ka mayar da fentin ƙasa.